GANUWA IN YAƘI YA ƘARE

Ku 'yan makaranta, in kun buɗe taswirar ƙasar Jigawa kuka bi sunayen garuruwa da yatsa, za ku ga wani abu wanda watakila ba ku taɓa kula da shi ba. Ga Birnin Kudu, ga Kafin Hausa, ga Garun Gabas, ga kuma Garu, watau unguwar nan da fadar Sarkin Dutse ta ke. Sunayen nan duk na tsaro ne. Birni shi ne gari mai ganuwa. Kafi shi ne shingen itatuwa da a kan kafa a kewaye ƙaramin gari. Garu kuwa ginin ƙasa ne mai kauri. Mutanen dauri ba su san barci da ido biyu rufe ba sai a bayan ɗayan ukun nan, shi ya sa tsoron da suka sha ya manne a sunayen garuruwansu har yau.

To, yaƙe-yaƙen da aka yi ganuwa dominsu sun ƙare, yau shekara fiye da ɗari. Abin da na ke so mu duba shi ne, in an daina bukatar ganuwa, me a kan yi da ita, kuma wa ya ke da filin da ta ke kai?

Bari mu fara da yadda a ke yinta, gama a nan amsar ta ke. Ganuwa ba magini ɗaya ke yinta ba, ba kuma kuɗin wani attajiri ba ne. Aikin gayya ce. In damina ta wuce an kau da amfanin gona, sai sarki ya sa a yi shela, ko wane mai unguwa da ko wane dagaci ya zo da mutanensa, a yanka musu nasu rabon. Waɗansu na haƙa, waɗansu na kwaɓi, waɗansu na cura tubali, makaɗa na zuga su. Ƙasar da a ke ginin da ita a nan gindin ganuwar a ke haƙo ta, ta waje, saboda haka tsuntsu biyu a ke jifa da dutse ɗaya: garu na tashi, rami na zurfi. Cikin ramin nan a kan bar sarƙaƙiya ta yi duhu, yadda doki ba ya ratsawa. Ta ciki kuma a kan yi wani tudu inda mayaƙa za su tsaya su yi harbi, shi a ke kira badala. Ko wace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, shi ke rufe ta da dare, shi ke buɗe ta da asuba. Kuma aikin nan ba a yinsa sau ɗaya a huta, gama ruwan sama ba ya barin ginin ƙasa. Inda damina ta zaizaye, sai a koma a yaɓe.

Akwai kuma wani abu da a kan manta. Ba gidaje kaɗai ganuwa ta kan kewaye ba. Wani Bature matafiyi, Kilafaton, ya shiga Kano cikin shekarar 1824, ya rubuta cewa abin da gidaje suka ci na filin cikin birni bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Dabara ce. In abokan gaba sun kewaye gari, a yi noma a ciki, a yi kiwo a ciki, mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu su sami wurin zama. Watau ke nan ganuwa abu uku ce: garu, da rami, da fili. Duka ukun kuwa gumin jama'a ne.

Ta Dutse ta bambanta da ta Kano, gama a nan Allah ya riga ya yi rabin aikin. Duk wanda ya tsaya a Garu ya ɗaga kai ya san dalilin da ya sa mutanen farko suka zaɓi wurin. Duwatsu ne suka yi wa garin katanga, abin da ya rage wa mutum shi ne ya toshe tsakaninsu. Garin kuwa tsoho ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace shi tun zamanin Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, ya ce har ya auri 'yar Sarkin Dutse. Sarki ba ya neman surukuta da garin da ba shi da ƙarfi. Littafin nan kuma ya ba da labarin Sarkin Kano Kumbari, 1731 zuwa 1743, wanda ya kawo wa Dutse yaƙi, aka yi ɗauki ba daɗi har Sarkin Aujara ya faɗi, Kumbari ya kusa shiga garin, manyansa suka ba shi shawara ya koma gida, ya koma. Masu riƙe da labarin Dutse sun ce wani sarki da a ke kira Tsohon Mutum shi ya gina ganuwar Garu a bayan wannan zamani, sun kuma ce birnin ƙofa goma sha biyu gare shi, suna lissafa irin su Ƙofar Maranjuwa, da Ƙofar Galamawa, da Ƙofar Kaci.

Bayan jihadi, sa'ad da Salihi da Musa suka karɓi garin, bukatar ganuwa ba ta ragu ba. Ƙaruwa ma ta yi. Ningawa suka yi shekaru suna kawo hari kudancin ƙasar Kano da gabashinta, zamanin su Ɗan Maje da Haruna, suna kama mutane a gona. A wannan lokaci wanda ya yi nisa da garu ya sayar da ransa. Kāna ga basasar Kano, 1893 zuwa 1895, da Yusufawa suka yi sansani a Takai, ba nisa da mu. Tsofaffin da suka ga waɗannan kwanaki ba su ɗauki yaɓen ganuwa aikin banza ba.

Abin da ya kashe ganuwa igwa ce, da kuma zaman lafiyar da aka tilasta bayanta. Ran 3 ga watan Fabrairu 1903 Kanar Molan ya iso Kano da rundunarsa. Sarki Alu ba ya nan, ya tafi Sakkwato. Abin mamaki, garun kansa bai ba da kunya ba, harsashin igwa sai ya nutse cikin ƙasar ya yi shiru. Ƙofa aka fasa aka shiga, Sarkin Shanu ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. Gwamna Lugga da ya zo ya ga ginin, ya rubuta cewa tsawonsa ƙafa 30 zuwa 50, kaurinsa a gindi wajen ƙafa 40, kewayensa wajen mil 11, kuma bai taɓa ganin irinsa a Afirka ba. Ran 25 ga Afrilu 1906 aka yi ta Haɗeja, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan mutanensa. Daga nan ba a sake kiran gayyar ganuwa don yaƙi ba. Ƙofofi suka kwana buɗe, mutane suka fita suka yi gida kusa da gonakinsu, ruwa ya ci gaba da aikinsa ba mai mayar masa da martani.

Wannan abu ba a kanmu aka fara shi ba. Ƙasashen Turai ma birane masu ganuwa gare su, su ma ranar ta zo musu da suka ga garu ba ya tsare kowa. Ya kamata ku san abin da waɗansunsu suka yi.

A Faris, cikin 1670, Sarkin Faransa Luwi na 14 ya sa aka rushe tsohuwar ganuwa, aka shuka itatuwa jere a kan gurbinta, ya zama wurin da mutanen gari ke yawon shan iska. Kalmar da Faransawa ke kiran babban titi mai itatuwa da ita, bulba, asalinta sunan tudun ganuwa ne, kamar a ce badala. A Biyana ta ƙasar Ostiriya, Sarki Faranz Josef ya ba da umurni cikin 1857 a kau da ganuwa, aka yi wani ƙaton titi da ya kewaye tsohon birni, aka buɗe lambun gari a gefensa cikin 1862. Sai dai a can an yanka fili mai yawa an sayar wa masu kuɗi, da kuɗin aka yi manyan gine-ginen hukuma. Mutanen Lukka a Italiya kuwa ba su rushe tasu ba. Garun na da faɗi, sai suka shuka itatuwa a bisansa, ya zama hanya ta wajen mil biyu da rabi, tsoho da yaro na hawa suna kewaya garinsu daga sama.

Amma wadda na fi so ku riƙe ita ce ta Farankfot a Jamus. A farkon ƙarni na 19 suka rushe ganuwarsu suka mai da gurbinta lambu. Da suka ga idon mutane na kan filin, sai cikin 1827 suka kafa doka, cewa ba mai gini a wannan zobe da ya kewaye gari. Garin nan yau yana cikin manyan kasuwannin kuɗi na duniya, taku ɗaya na ƙasarsa ya fi ƙarfin talaka, amma zoben itatuwan na nan. An ɗan taɓa shi nan da can, ba a cinye shi ba. Shuka itace kowa ya iya. Abin da ya tsare lambun Farankfot shi ne takardar da aka rubuta tun kafin masu kwaɗayi su yi yawa.

Ga kuma labarin waɗanda suka yi sake. Bejin, babban birnin Sin, tana da ganuwar tubalin wuta wadda ta ciki kaɗai ta kai wajen mil 15. Cikin 1950 wani masanin gini, Liyang Sicang, ya roƙi hukuma a bar ta, a yi lambu a bisanta, a sa kujeru da furanni, ramin kuma ya zama wurin shiga kwalekwale. Ba a ji maganarsa ba. Aka yi ta rushewa, musamman daga 1965 da aka fara haƙa hanyar jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, gurbinta ya zama titin motoci. Da aka yi shekara wajen talatin, hukumar birnin ta dawo tana roƙon mutane, duk wanda ya san da tubalin tsohuwar ganuwa a bangon gidansa ya taimaka ya kawo. Da irin waɗannan aka gyara ɗan guntun da ya rage, wanda bai cika mil ɗaya ba, aka yi masa lambu. Mutanen Shiyan, a ƙasar Sin ɗin dai, tasu ta tsira, suka fara gyaranta cikin 1983, yau mil takwas da rabi ne na garu da ruwa da itatuwa, baƙi na zuwa daga ko ina su biya su hau.

Mu komo gida. Ganuwar Kano, wadda aka ce Sarki Gijimasu ya fara, 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa da Muhammadu Nazaki suka faɗaɗa, ba hukuma ce ta fara mai da ita wurin shan iska ba. Yara ne. Duk wanda ya tashi a birni ya san hawan badala da la'asar, a yi tsere, a yi sulu, a zauna a kalli masu shiga da fita. Filin da ke bakin garu shi ya ba da filin Idi na Ƙofar Mata da babban filin wasa da ke kusa da shi, shi ya ba da filin ƙwallo na Ƙofar Na'isa. A gefen titin da ya bi ta Ɗan'agundi zuwa Gadon Ƙaya masu renon furanni da dashe suka daɗe suna cin moriyar ruwan kududdufan da aka haƙa don gina garun. Dutsen Dala kuwa, inda asalin garin ya ke, an yi masa matakala, mutane na hawa su ga birni a ƙarƙashinsu. Ashe abin da Turawa suka zauna suka tsara, mu ma ƙafafunmu sun kai mu gare shi ba da shawarar kowa ba.

Sai dai abin da ƙafa ta samo, alƙalami ke riƙe shi. An sa ganuwar Kano cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1959, cikin 2007 kuma aka rubuta sunanta a jerin wuraren da a ke nema wa shiga kayan gadon duniya. Duk da haka masu gini suka yi ta ɗibar ƙasarta, aka cike kududdufai, aka yanka filaye, shaguna suka tsiro a inda mayaƙa ke tsayawa. Cikin 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Cikin 2023 kuma sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-gine da dama da aka yi a irin waɗannan filaye, har da shagunan filin Idi, aka yi ta shari'a, dukiya mai yawa ta salwanta. Ko wane gefe mutum ya bi a wannan rigima, ya san da an ja layi tun farko an tsaya a kansa, da ba wanda ya yi asara.

A nan ya kamata in faɗi wani abu, kada ku ɗauka abin da aka yi a Lukka za a kwaso shi ɗungum a kawo nan. Nasu garun na tubalin wuta ne da dutse, namu na ƙasa ne. Garun ƙasa ba ya ɗaukar dubban ƙafafu, saiwar itace kuma tsaga shi ta ke yi, yaran nan ma da ke sulu a kansa suna cikin masu cinye shi. Ba wanda zai iya kiran gayyar da za ta yaɓe mil 11 ko wace shekara. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a zaɓi guntaye, musamman kusa da ƙofofi, a riƙa yaɓe su da hannun maginanmu na gargajiya, don sana'ar ma kada ta mutu. Saura kuwa, ko garun ya kwanta, a tsare gurbinsa. Tudu ne ko rami, a bar shi na kowa, a shuka itatuwa nesa kaɗan da gindinsa.

Dutse fa? Ran 27 ga Agusta 1991 aka yi Jihar Jigawa, garin da ya ke hedkwatar hakimi a ƙarƙashin Kano shekaru da yawa ya wayi gari babban birnin jiha. Sakatariya ta zo, gidajen ma'aikata suka zo, cikin 2011 jami'ar tarayya ta zo. Filin da a da a ke ba mutum kyauta ya yi gona, yau sai an auna shi da igiya. Ganuwar ƙasa yawancinta ta bi ruwa, amma mu muna da abin da Kano ba ta da shi da yawa, watau rabin da Allah ya gina. Dutse ba ya zaizayewa da damina, ba ya kuma gajiya da ƙafar mai hawa. Maƙiyinsa ɗaya ne, mai nakiya da injin niƙa tsakuwa, ga shi kuwa ana fasa duwatsu a kewayen gari don gini da titi. Ban ce a daina ba, gari ba ya ginuwa da iska. Cewa na yi a bambanta dutsen da za a fasa da dutsen da ya tsare kakanninmu daga Kumbari da Ningawa.

Ba kuma za a ce mutanen Dutse ba su san daɗin itace da fili ba. Marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 har ya rasu cikin Janairu 2023, an san shi da son shuka, filin wasan golf da ya kafa shaida ne ga abin da ƙasar nan za ta iya fitarwa in an kula da ita. Akwai kuma dandalin Malam Aminu Kano inda a ke taruwa. Amma golf wasan 'yan kaɗan ne, dandali kuma na ranar taro ne. Abin da na ke hange shi ne hanya ta ƙafa wadda za ta bi tsohon gurbin ganuwa da gindin duwatsun Garu, da inuwar tsamiya da dabinon nan da aka san Dutse da shi, da wurin zama, da allo a ko wace tsohuwar ƙofa mai ɗauke da sunanta. Kuma kada a sa mai karɓar kuɗi a bakinta. Waɗanda suka ɗauki ƙasar nan a ka ba a biya su ko anini ba, bai kyautu a ce jikokinsu sai sun biya za su zauna a kanta ba.

Na san abin da dattawa za su ce, gama na sha ji. Za su ce wurin da ba gida ba kasuwa, matattarar 'yan shaye-shaye ne, badala za ta koma baɗala. Tsakanin kalmomin nan biyu ƙugiya ɗaya ce tak a rubutu, ku kula da ita ran jarrabawa. Tsoron nasu kuwa ba na banza ba ne, an ga haka a kangaye da yawa. Amma kango shi ne wurin da ba mai shi. Ganuwa a da ba ta taɓa zama ba mai ita ba, ko wace ƙofa da wanda za a tambaya in wani abu ya faru. In aka mai da wannan aiki hannun masu unguwa da Sarakunan Ƙofa, aka sa fitila, aka share, har uwa ta yarda ta kawo 'ya'yanta da yamma, mai mugun nufi da kansa zai nemi wani wuri.

Kafin duk wannan akwai aikin da ba ya jiran hukuma, kuma ku ne za ku iya shi. Ba a tsare gurbin da ba a san inda ya bi ba, waɗanda suka sani kuwa tsofaffi ne, kullum raguwa su ke yi. In an ba da hutu, ko wane ɗayanku ya sami dattijo a garinsu, ko Dutse ne, ko Birnin Kudu, ko Kiyawa, ko Jahun, ko Aujara, ya gaishe shi da ladabi, ya roƙe shi ya nuna masa inda garu ko kafi ya bi. Ku taka da ƙafa kuna ƙidaya taku, ku rubuta sunan ko wace ƙofa da gidan da ke riƙe da ita, ku lura da inda tudu ya rage da inda rami ya zama kududdufi da inda aka riga aka yi gini. Ku zana a takarda yadda aka koya muku a darasin labarin ƙasa, arewa a sama. Kofi ɗaya ku ba babban malaminku ya ajiye a makaranta, ɗaya ku aiko wa Edita.